Ranar da Wasiƙar Injiniya Danladi Ta Ƙi Fita

Ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a wannan aiki wata Laraba ce cikin damina, a shekarata ta biyu da kama aiki a wani kamfanin injiniyoyi da ke Doka, cikin garin Kaduna. Aikin kamfanin shi ne auna ƙarfin ƙasa kafin a ɗora gini a kanta. Ni ce jami'ar kula da kwamfutoci, kuma ni kaɗai ce a sashen, don haka ni ce shugaba ni ce 'yar aike. In firinta ta haɗiye takarda, a kira Jummai. In intanet ya ɗauke, a kira Jummai. Akwai wanda ya taɓa kirana don fankar ofishinsa ta ƙi juyawa, wai ai ita ma da wuta take aiki.

A saman kowa akwai manaja, Hajiya Binta. Daga ita sai babban injiniya, Injiniya Danladi, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Kurmin Mashi. Babu rahoton da ke fita daga kamfanin sai da sa hannunsa. Mu ƙananan ma'aikata Baba muke ce masa.

Baba ba ya amfani da kwamfuta yadda sauran mutane ke yi. Akwai wata tsohuwar manhajar rubutu da ya koya tun yana jami'a: baƙin allo, koren rubutu, babu hoto ko ɗaya. Don rubutu zalla aka yi ta, amma shi a cikinta yake lissafi, a cikinta yake rubuta rahoto, a cikinta kuma yake karɓa da aika imel. Ta cika fuskar kwamfutar daga sama har ƙasa, ba ka ganin komai sai ita. Maus ɗinsa yana cikin durowa tare da maganin ciwon gwiwa.

A wannan makon mun gama auna wani fili a Unguwar Kanawa inda wata ƙungiya za ta gina ƙaramin asibiti. Baba ya gano cewa kusurwa guda ta filin tsohon kududdufi ne da aka cike, kuma tushen ginin da aka zana ba zai ɗauka ba. Kwamitin masu ginin zai zauna ƙarfe biyu na rana ranar Larabar. In rahotonmu bai iso ba, za su amince da tsohon zanen a fara haƙa. Ƙa'idarsu kuma ita ce ba sa karɓar rahoto sai ta imel, ɗauke da sa hannun kwamfuta na injiniyan da ya yi aikin. Mabuɗin wannan sa hannu yana cikin kwamfutar Baba, babu shi a ko'ina.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya leƙo ofishina da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Jummai, zo ki yi wa abokiyar aikinki magana. Yau ta ƙi ni."

Na bi shi wurin kwamfutarsa. Wasiƙar tana nan a rubuce, rahoton a maƙale, amma duk lokacin da ya ba da umarnin aikawa sai wani dogon rubutu ya fito a ƙasan allon, wasiƙar ta tsaya. Abin da na tsinta a ciki shi ne, kwamfutar ta ƙi yarda da saba.

Bari in yi bayani don wanda ba ɗan sana'a ba. Saba ita ce babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe mana wasiƙu. Kafin kwamfutarka ta miƙa mata kalmar sirri da wasiƙa, sai ta ce mata, nuna mini shaidar cewa ke ce. Sabar ta nuna satifiket, wanda yake da ranar farawa da ranar ƙarewa kamar lasisin tuƙi. In kwamfutar ta gamsu, sai su kulle hanyar da ke tsakaninsu yadda babu mai leƙa abin da ke wucewa. In ba ta gamsu ba, ta ja ta tsaya.

Na fara da abin da aka koya mana. Intanet yana nan. Kalmar sirri daidai take. Lambar ƙofar da wasiƙa ke bi ta shiga saba ita ma daidai. Duk wannan binciken da baki na yi shi, domin Baba bai yarda in taɓa kibod ɗinsa ba. Ni ce mai faɗa, shi ne mai bugawa. Da haƙurina ya ƙare na ce ya ba ni kujerar minti ɗaya. Na danna maɓallan da na saba dannawa a kowace kwamfuta, sai allon ya rabu gida biyu. Na sake dannawa don in gyara, ya rabu huɗu. A ɗaya daga cikin gidajen har wani wasan yara ya fito yana motsi. Na nemi hanyar fita na rasa.

Baba ya tsaya a kaina, hannu a baya, ya ce, "Kin gama, ko in ƙaro miki shayi?"

Na tashi na ba shi kujerarsa.

Muka koma kan dogon rubutun, na sa shi ya buɗe shi gaba ɗaya. A tsakiya idona ya faɗa kan kalmar da nake nema: satifiket ɗin saba ya ƙare. Daga nan ban ƙara karanta ko harafi ba. Na ji daɗi ƙwarai, domin laifin ya tashi daga kanmu ya koma kan wasu.

Ana cikin haka Hajiya Binta ta shigo, ta dubi agogon hannunta, sha biyu da rabi. Na yi mata bayani. Ta ce, "To, babu inda za a ce wa kwamfutar ta yi haƙuri yau kawai?"

Na ce, "Akwai, Hajiya. Layi ɗaya ne za a canza, ta daina tambayar shaida."

"To a canza mana."

"In an canza, duk wanda ya tare hanya ya ce shi ne saba, za ta miƙa masa kalmar sirrin Baba da rahoton. Ban san ko akwai mai tarewa ba, amma ita ma kwamfutar ba ta sani ba, shi ya sa ta tsaya."

Ban taɓa ƙin umarninta ba sai ranar. Baba ya gyara gilashi ya ce, "Hajiya, yarinyar nan ba ta iya manhajata ba, amma a wannan ta yi gaskiya." Hajiya ta ce ta ba ni minti talatin, ta ja kujera ta zauna don ta ga yadda zan kashe su.

Na kira kamfanin da ke riƙe mana wasiƙu, na sa wayar a sifika don Hajiya ta ji ina aiki. Wata baiwar Allah ta ɗauka, ta ce sunanta Rahila. Ban bar ta ta gama gaisuwa ba. Na ce musu sakarkaru ne, sun bar satifiket ya mutu suna barci, kuma in asibiti ya rufta a Unguwar Kanawa su za a tambaya. Ta saurare ni har na gaji.

Sannan ta ce, "Anti, a nan ina ganin saura masa kwana talatin da biyu, kuma jibi ma za mu sabunta shi. Don Allah karanto mini ranar da aka rubuta a wurinki."

Na sunkuya na karanto da ƙarfi. Ban kai ƙarshe ba muryata ta yi ƙasa, domin ranar a watan gobe take.

Rahila ta ce, "To yaya aka yi ya mutu a watan gobe?"

Na kashe wayar ba sallama. Na ce wa Baba ya tambayi kwamfutar yau nawa ga wata. Ya ce mene ne haɗin wannan da wasiƙa. Na ce ya dai tambaya. Ya buga a hankali, amsa ta fito. Kwamfutar Baba ta riga mu da kwana talatin da uku cur.

Na ce ko batirin agogonta ne ya mutu. Ya ce batiri lafiyarsa lau. Hajiya ta ce, "Injiniya, faɗa mana."

Ashe shekarun baya ya taɓa makara da wani rahoto har aka yi masa magana, abin ya yi masa ciwo. Sai ya hana kwamfutar daidaita agogonta da kanta, ya tura kwanan wata gaba da kwana uku, don ya riƙa ganin wa'adi ya matso ya gama aiki da wuri. Dabarar ta yi aiki na ɗan lokaci, har ƙwaƙwalwarsa ta saba cire ukun. Ya ƙara uku. Ta sake sabawa, ya sake ƙarawa. A haka ya kai talatin. Da safiyar wannan Larabar, don ya zaburar da kansa kan rahoton asibitin, ya ƙara wasu ukun, sai ya tsallake ranar ƙarewar satifiket da kwana ɗaya. Ya ɗaga kibod ya nuna mana wata 'yar takarda da yake rubuta adadin, duk an soke tsofaffin, don kada ya ruɗe wajen cirewa.

Hajiya ta ce, "Wato kana yaudarar kanka, kuma kana ajiye takardar da ke tona maka asiri?"

Ya ce, "Ai injiniya ba ya aiki ba rubutu."

Ta ce, "Shi ya sa kullum wasiƙunka ke zama a saman akwatina, ko sabuwa ta shigo ba ta ture su. Ni na ɗauka Jummai ce ta tsara haka saboda girmanka."

Gyaran bai fi minti ɗaya ba, amma shawo kan Baba ya ci goma sha biyar. Ya ce in aka mayar da agogon baya, ina za a kai masa kwana talatin da ukunsa. Ya ce a lissafin kwamfutarsa saura masa wata huɗu ya yi ritaya, yanzu ni kuma ina so in mayar da su biyar da ɗori. Na ce Baba ai dama biyar da ɗorin ne. Ya ce ya sani, amma ganin huɗun yana sanyaya masa rai. Sai da Hajiya ta miƙe tsaye sannan ya buga umarnin da hannunsa, yana ƙunƙuni. Muka sake sa hannu a rahoton, tunda na farkon yana ɗauke da ranar da ba ta zo ba. Ƙarfe biyu saura minti ashirin wasiƙar ta fita. Washegari kwamitin ya aiko cewa sun dakatar da haƙa har a sake zanen tushe.

Ni kuwa na koma ofishina na kira Rahila na ba ta haƙuri, na faɗa mata duk abin da ya faru. Ta yi dariya har na ji tana tari. Da ta natsu ta ce, "Babu komai, Anti. Amma tunda ya je watan gobe ya dawo, ki tambayar mini shi ko an ɗauke ruwan sama a can, ina da bikin ƙanwata."

Abu biyu na ɗauka daga wannan rana, kuma su nake faɗa wa duk wanda aka kawo ƙarƙashina. Na farko, in kwamfuta ta yi ƙorafi, ka karanta ƙorafin har ƙarshe kafin ka ɗaga waya ka zagi wani. Na biyu, kwamfuta ba ta cika yin hauka ita kaɗai ba. Yawanci akwai mutum mai hankali, mai digiri, mai dalilinsa, wanda ya koya mata, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka tambaye shi a gaban manaja.