Mutumin da ya ƙi a cike rijiya a kan Gajere

Saurin fid da rai mugun ciwo ne, yakan sa a binne mai numfashi. Na ga an kusa yin haka da idona, shi ya sa da na ji Baban Rijiya ya ajiye diga saboda ciwon gwiwa, na ce ba zan yi shiru ba.

Mai haƙar rijiya ne. Kullum kafin rana ta yi zafi yakan duba igiyarsa ƙulli bayan ƙulli, ya durƙusa a bakin rami, sannan ya sauka. Yana da doka ɗaya: duk bokitin ƙasar da ya cika sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya Uba, ka ji mu, cikin sunan Yesu," na sama su amsa da amin su ja. In addu'ar ta yanke, to iskar ƙasa ta shaƙe shi ke nan, a jawo shi. Matasa na yi masa tsiya, wai Baba zai gajiyar da Allah. Sai ya ce, "Ku dai ku riƙe igiya."

Wata rana da hantsi rijiyar wani mai gida ta rufta da abokin aikin Baba, Gajere, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Muka leƙa, babu komai sai jar ƙasa. Gefen ramin yana ta zubowa, katangar gidan ta fara tsagewa.

Mai gidan ya ce, "Wanda ƙasa ta haɗiye ya tafi. Ku cike ramin kafin katangata ta bi shi."

Matar Gajere ta kama ƙafar Baba tana cewa, "Yaya, kada ka bari, don Allah kada ka bari!"

Baba ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa mana bakinta. Ina cikin waɗanda suka riƙe. Bokiti ya hau, addu'a ta biyo shi. Wani bokitin ya hau, addu'a ta biyo shi. Rana ta take, ta karkata, tafin hannunmu ya saɓule, muryarsa ta dushe har sai mun kasa kunne. Duk ƙasar da ta zubo daga gefe sai in ce yau gawa biyu za mu ɗauka.

Sai addu'a ta yanke.

Muka kira, shiru. Wani ya ce, "Ku ja!" Muka fara ja, sai igiyar ta fizge mu da ƙarfi, murya ta taso daga ƙasa: "Kai, ku sakar mini! Saurare nake yi. Ina jin tari."

Ashe wani katako ne ya gitta a kan Gajere ya bar masa ɗan wurin shaƙar iska. Da hannu Baba ya ƙarasa tonon. Aka fito da Gajere da karyayyar ƙafa, baki cike da ƙasa, yana neman ruwa.

Kai ne, Baba, mai ƙwanƙwasa ƙofar sama har a buɗe. Ba ranar ka koyi roƙo ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka roƙa sa'ad da babu alama, ka roƙa sa'ad da tsoro ya kashe bakinmu, Ubangiji kuwa ya amsa. Mun gode. Allah ya sanyaya maka gwiwoyin nan.

Ku kuma 'ya'yana, masu addu'a sau ɗaya ku ce ba a ji ba, ku ji kunya. Mai nema yana tare da samu, amma hannunsa a kan diga.

Mai gidan nan fa, katangarsa tana nan tsaye. Sai dai babu mai haƙar da ya yarda ya ƙarasa masa rijiya, maƙwabta sun daina zama a ƙofarsa, matarsa kuma har yau a rijiyar gidan Gajere take ɗibar ruwa.