Sarƙar da Aka Ce a Lallaɓa

Da ruɓaɓɓiyar sarƙa aka sa Bakanike ciro injin tsohuwar tarakta. Tun yana da baƙin gashi yake aiki a gonar kamfanin nan, bai taɓa ɗaga inji bai danne tayoyi da waigi ba. Ya nuna wa manaja inda sarƙar ta tsage.

"Haba Baba, a lallaɓa mana," in ji manaja.

Bakanike ya gaji da musu, ya lallaɓa. Inji na sama sarƙar ta tsinke, ya faɗo masa a ƙafa. Yanzu da sanda yake lallaɓawa zuwa gareji.

Sarƙar kuwa tana nan rataye, an yi mata walda. Masu kamfani, ku sauke ta ku sayo sabuwa, tun ba ta sami ƙirjin wani ba!