Neman Gidan Kakan Tom a Birmingham

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Litinin muka fito daga gida a Moss Side, cikin Manchester, ni da Tom. Maman Rahila da Rahila kanta suka rako mu bakin ƙofa. Dominku nake wannan rubutu, Yaya Bitrus da sauran dangi a gida, tunda kun ce ba za ku amince 'yata Rahila ta auri wannan Bature ba sai an san asalinsa. Ni ma abin da na ce ke nan. Ga yadda tafiyar ta kasance, bi da bi.

Abin da muka sani kafin mu tashi kaɗan ne. Mahaifin Tom ya rasu. Kakansa, Albert, a Birmingham aka haife shi. Yana ƙaramin yaro aka ɗauke shi daga gidan marayu, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Ostareliya tare da wasu yara, aka ce masa uwarsa ta mutu. A gonar wani ya girma, can ya tsufa, can ya rasu. Sunan layinsu kaɗai ya riƙe.

Manchester zuwa Birmingham

Daga gadin dare na dawo, ban runtsa ba. Bas ɗin da ta saba bi ta layinmu da sassafe an soke ta, sai muka taka zuwa babban titi cikin yayyafi. A tasha muka shiga doguwar bas, don jirgin ƙasa ya fi ƙarfina. Gosulo ya riƙe mu a hanya har gwiwoyina suka sage. Na fito da ƙosan da Maman Rahila ta soya mana.

"Baba, akwai yaji," in ji Tom da Hausarsa ta ɗan koyo, idonsa na ruwa.

"Ci," na ce. "Na gida ya fi wannan."

Birmingham, Litinin

Da saukarmu muka nufi inda ake ajiye tsofaffin takardun gari. A rufe. An liƙa sanarwa a ƙofa cewa an rage ranakun aiki saboda an yanke kuɗi. Muka tsaya muna karanta ta kamar za ta sauya.

Muka hau bas zuwa Sparkbrook, wurin Alhaji Sani, mutumin Kumasi, wanda muka taɓa yin gadi tare kafin ya dawo nan ya buɗe shago a Stratford Road. Bayan mun gaisa na ce ya kai ni wurin mai unguwa. Ya yi dariya har ya dafa kanta.

"Luka, ka tsufa a ƙasar nan ba ka waye ba. Wane mai unguwa? Council, hukumar gari, ita ce mai unguwa, ita ma ba ta ɗaukar waya."

Duk da haka na yi yadda muke yi. Na bi shaguna ina tambayar wanda ya fi kowa daɗewa a unguwar. Aka kai mu wurin wani tsoho ɗan Pakistan a ƙofar masallaci. Ya saurare mu da kyau, ya girgiza kai, ya ce sa'ad da ya zo Turawan sun riga sun fara kwashe kaya. Bai san sunan ba, bai san layin ba.

A gidan Alhaji muka kwana. Hajiya ta ba mu shinkafa da wake irin tasu ta Gana. Ni a kujera, Tom a ƙasa, ya yi matashi da jakarsa.

Birmingham, Talata

Alhaji ya bar shago ya mayar da mu wurin ajiye takardun da motarsa. Wannan karon a buɗe yake, amma mace ɗaya ce ke fama da jama'a, ga tambayoyi ga waya. Ta ce takardun yaran da aka fitar waje ba a buɗe su haka nan, sai an nema a rubuce, a jira watanni. Na ce mun zo daga nesa. Ta ce ta sani, kowa daga nesa yake zuwa. Sai dai ta shimfiɗa mana tsohuwar taswira, ta ɗora yatsa a kan layin. An rushe shi tuntuni.

Muka je wurin. Filin ajiye motoci ne a bayan wani babban sito. Kwalta, shingen ƙarfe, da bishiya ɗaya a lungu. Na ce mu tafi, mun gama.

Tom ya durƙusa ya buɗe jaka, ya fito da wani ɗan gwangwani kamar na ganyen shayi.

"Mene ne wannan?"

"Kakana ne, Baba."

Ƙone shi suka yi, yadda suke yi. Gwaggonsa ta aiko masa da kaɗan daga tokar, don tsohon ya roƙa kafin ya rasu a mayar da shi gida. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Da gawa ka kwana a ɗakin Alhaji, ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Na ji tsoro ku ce ba za ku zo ba."

Alhaji ya ja da baya yana salati. Tom ya kama murfin zai zazzage a kan kwalta. Na riƙe hannunsa.

"Mutum ba shara ba ne. A ƙasa ake sa shi."

"Ina ƙasar, Baba?"

Na nuna gindin bishiyar. Alhaji ya buɗe but ɗin motarsa ya ɗauko ƙarfen kwance taya ya miƙo. Ƙasar ta yi tauri, ga saiwa, ga gutsattsarin bulo. Tom ya haƙa har tafinsa ya fashe. Mai kula da filin ya zo yana tambaya ko mun sayi tikiti. Alhaji ya ce masa jana'iza muke yi. Mutumin ya dube mu, ya dubi ramin, ya cire hularsa ya tsaya.

Na yi addu'a a taƙaice. Na ce wa Tom ya faɗi wani abu, don shi ne jini. Ya ce, "Kaka, ga layinku." Ya mayar da ƙasa da hannunsa.

Komawa

Muka hau bas ɗin komawa Manchester. Mun iso Moss Side da magariba. Na gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Alhaji Sani da Hajiya, da suka karɓi baƙi uku alhali biyu aka gaya musu.

Yanzu ga sakamako. Ban sami gida ba. Ban sami dangi ko ɗaya ba, ban ga kabarin uwar Albert ba, ban ma san ko da gaske ta mutu a lokacin ba. Wata hukuma ce ta yanke wannan zuri'a tun daga tushe, ba yaron nan ba. Abin da na gani da idona shi ne, an roƙe shi ya kai tsoho gida, ya kai shi. Ni na amince.

Yaya Bitrus, ina roƙonka kai ma ka amince. Kuma tunda ba shi da baffa ko kawu da zai zo neman aure, ku zauna ku zaɓi mutum ɗaya a cikinku ya tsaya masa a matsayin uba, ku aiko mini da sunansa.