Sifaniyancin da Ya Tsaya a Aljihuna

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Jos, ba zan manta ranar da na shiga intabiyu aljihuna cike da Sifaniyanci, na fito ban furta ko jimla ɗaya da harshen ba.

Lokacin ana ta shirin mayar da mulki hannun farar hula, ni kuma na gama sakandare. Sai aka sanar da gurbin karatun likitan dabbobi, guda ɗaya tak, a wata ƙasa mai magana da Sifaniyanci, aka ce wanda ya ɗan san harshen shi za a fi dubawa. Iya sanina babu mai koyar da shi a garin. Abin da na samu kawai wani tsohon littafin nahawu ne a laburare, wanda ba a yarda a fita da shi.

Mahaifina yana da rumfa a kasuwar Katako. Na riƙa tsintar guntayen filawud a can, in goge, in yanka daidai tafin hannu. A kowane guntu in rubuta aikatau ɗaya, da yadda yake sauyawa in ni ne, in kai ne, in jiya ne ko gobe. Masu bin ƙa'ida da baƙin biro, masu taurin kai da ja. Na huda su na zura a igiya, ina ja kamar carbi, bakina a rufe.

Wata rana Baba ya tsaya a kaina ya ce, "Wannan allon naka ba a ɗaga murya ne? Mu da ƙarfi muka yi karatu."

Na ce, "Baba, wannan na ido ne." Har da ɗan murmushina na mai ilimi.

Akwai abokina ɗan unguwar Dilimi, babansa direban babbar motar kaya ne, shi ma ya nemi gurbin. Ya ce, "Malam Shiru, ara mini carbin nan naka mana." Na ba shi kaɗan. Ya riƙa karanta su da ƙarfi a tasha, yana kwaɓawa, 'yan kamasho suna dariya. Daga baya ya gano wani tsohon makanike Basifaniye da ke gyaran injinan haƙar kuza, ya ce mu je mu dame shi da surutu. Na ce sai na gama nahawu tukuna, ba zan je in yi kuskure a gaban babba ba. Ya tafi shi kaɗai, ya yi ta tafiya.

Ranar intabiyu na tarar da wani Bature mai furfura da jami'ai biyu 'yan ƙasa. Baturen ya yi magana, kalmomin suka zubo a manne da juna. Ashe ban taɓa jin harshen da kunnena ba. Ya maimaita a hankali, sai na gane: me ya sa nake son kula da dabbobi? Ina da amsa. Na sunkuyar da kai yadda aka koya mana a gaban manya, ina gina jimlar a raina, ina duba ko aikatau ɗin na baƙin biro ne ko na ja.

Ɗaya jami'in ya ce, "Samari, ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"To?"

Hannuna ya tafi aljihu da kansa, katakon ya yi ƙara. Baturen ya dubi jami'in, jami'in ya ce an gode, in kira na gaba.

Na gaban abokina ne. Ina zaune a benci ina jin dariya ta ƙofa. Da ya fito ya ce, "Wallahi rabin abin da na faɗa ni ma ban san shi ba, amma Baturen ya gane."

Shi aka ɗauka. Kafin ya tafi ya dawo mini da guntayena cif, har da godiya. Shekarar farko ya riƙa rubuto mini wasiƙa da Sifaniyanci don ya faranta mini. Kowacce akwai kuskure, ni kuma in zauna a rumfar Baba in gyara da jan biro, gyaran da ba wanda zai gani.

Har yau abin yana mini ɗaci, kuma ba abokina nake jin haushi ba. Na koyi cewa harshe sai an yarda an ji kunya a cikinsa kafin ya zama na mutum. Baba ya faɗa mini tun ina riƙe da igiyar, na ce masa na ido ne.