Tagogin Gidan Jarida

Ran wata Laraba cikin watan Rajab, ina 'yar shekara tara, Inna ta aike ni da fura wurin Baba a bayan Ƙofar Marke, na iske shi tsaye gaban Bature da tafinta, hularsa a hannu. Baba, Mamman sunansa, magini ne, kuma shi aka ba aikin gidan da za a riƙa buga jaridar lardi. Wata bakwai ya yi yana ginin. Ya jera tubali, ya ɗaure rufin da azara ya yi masa bakan gizo, ya shafe bango da makuba har yana sheƙi. Mu yaran unguwa mukan tattaka ƙasar gini da ƙafa, mu koma gida a ci mana mutunci saboda caɓi.

Tagogi kuwa ya yi su yadda ya gada, 'yan ƙanana can sama, don zafin Sakkwato ba abin wasa ba ne. To, ashe masu jera baƙaƙen dalma ba sa ganin komai a ciki, sai su ɗauki wannan harafi a madadin wancan. Shi ne ran nan da na kai furar, Bature ya ce a fasa bango a yi manyan tagogi huɗu.

"Ranka shi daɗe," in ji Baba, "bangon ga shi ka ɗauke da ruhin. In kunka hwasa shi, ba ya kai damana biyu." Tafinta ya taƙaita maganar, aka kira wasu suka fasa.

Damina ta biyu rufin ya rufta a kan injin buga jaridar. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, amma gari ya ɗauka ginin Mamman ya faɗi. Da jaridar ta sake fitowa, Baba ya kai wa maƙwabcinmu Malam Bello ya karanta masa, domin shi bai san boko ba. An rubuta cewa ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Baba ya ce, "Malam, sun ambaci tagogin?" Malam Bello ya sake dubawa, ya girgiza kai.

Daga nan ba wanda ya ƙara ba shi ginin soro. Yaɓen katanga ya koma yi har ya rasu, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Yanzu shagunan ginin siminti ne a wurin, Keke Napep na ta kai da kawowa, masu shagunan suna fifita da kwali suna kukan zafi. Ni kaɗai na rage da na ji Baba ya gargaɗi su Bature.