Makin Yasir Ashafa Guda Uku

Daga Ƙofar Ruwa har Ƙofar Wambai ba a taɓa haifar mai raba ƙwallo kamar Yasir Ashafa ba. Na ƙirga masu wannan aiki a tsakanin ƙofofin biyu. Su huɗu ne, ɗaya ma ya koma tuƙin adaidaita sahu.

Yasir robobi yake sayarwa a kasuwar Wambai. Bayan la'asar yakan rufe shago ya tafi filin simintin da ke gindin Dala, inda ƙungiyar ƙwallon kwando ta unguwarmu ke atisaye. Aikinsa shi ne ya ɗauko ƙwallo daga baya, ya ba wanda ba a tare ba, in kuma shi ne ba a tare ba, ya jefa da kansa. Ɗaukowar ya iya. Jifan kuwa, shekara tara bai taɓa gwadawa ba.

Tarbiyya ce ta jawo. A gidansu faranti ɗaya ake ci, kuma ƙarami ba ya taɓa nama sai na gaba da shi ya ɗauka. Yasir ne auta cikin maza bakwai. Da wannan ladabin ya shigo fili, saboda haka babba yake fara miƙa wa ƙwallo. Babba kuwa shi ne wansa Hamid, mai shekara talatin da takwas da gwiwa ɗaya mai aiki. Abokan hamayya sun daɗe da ganewa. Ba sa zuwa leƙen atisayenmu, shekarun 'yan wasanmu kawai suke tambaya.

Ana jibi wasanmu da 'yan Ƙofar Ruwa, koci Malam Baffa ya kira shi gefe.

"Yasir, kwandon nan surukinka ne?"

"A'a, Malam."

"To me ya sa kake sunkuyar da kai in ka gan shi? Ranar Asabar in ba ka jefa ba, ka tuɓe mini rigar nan. Ga Umar can yana jiran ta."

"Malam, ya zan jefa Yaya Hamid yana tsaye?"

"Tsaye yake mana! Ai ba ya iya gudu."

Ranar Asabar mutum uku suka kewaye Hamid. Wanda aka sa ya tsare Yasir kuwa har gaisawa yake da 'yan kallo. Aka yi ta wasa, Yasir yana ta ladabi. Saura minti ɗaya a tashi, Malam Baffa ya ce wa Umar ya miƙe ya motsa jiki.

A lokacin ne Yasir ya taho da ƙwallo, ya tsaya can bayan layin maki uku, ya ɗaga ta sama ya saki. Ta faɗa kwando, ko ƙarfen ba ta taɓa ba.

Wani dattijo ya saki salati. Alƙalin wasa ya tsaya da usur a baki, ya manta abin da ake yi da shi. Mai rubuta maki ya duba takardarsa, ya tarar tun kafin a fara wasa ya riga ya sa sifili a gaban sunan Yasir. Hamid ne ya fara samun bakin magana.

"Kai, Yasir! Ina tsaye?"

"Yi haƙuri, Yaya."

An cinye mu da ratar maki ashirin da shida, amma ba wanda ya kula. Malam Baffa ya rungume Yasir, ya ce riga tasa ce har sai ya gaji. Tun ranar, da shi yake ba da misali: mai raba ƙwallo na ƙwarai ya san lokacin bayarwa, ya san lokacin jifa, ko da zai jira shekara tara. A kasuwa har masu yadi suka riƙa zagayowa su leƙa shi.

Na je shagonsa don in ji yadda ya yanke shawarar. Ya ba ni kujerar roba, ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Malam, don Allah kar koci ya ji."

Ya ce Hamid yana kusa da kwando a lokacin, mutum uku a kansa. Ashe Hamid ɗin ne Yasir ya cilla wa ƙwallon ta saman kawunansu, hannunsa da gumi, ta wuce Hamid da taku biyu, ta faɗa kwando.