Nasiru da layin muryata

Muryoyin maza na ji suna ta amshi a situdiyon ɗana Nasiru, nan Yelwan Yauri. Na ce shi ke nan, yaron nan ya tara 'yan zaman banza. Na banka ƙofa ina faɗa.

Shi kaɗai na tarar, sai kwamfuta.

"Ina abokan naka suka ɓuya?"

"Inna, duk ni ne. Manhaja biyu nake gwadawa, ɗaya zan saya. Wannan tana ajiye kowace murya a layinta, kiɗa daban, amshi daban. Kin ga har faɗanki ya shiga."

Ya rubuta wani abu a layin ƙasa. Na matsa na haɗa baƙaƙen a hankali, don da girmana na koyi boko. "Inna" ya sa. Ya danna wani wuri, waƙa ta ci gaba, muryata kuwa ta ɗauke ɗif.

"Ɗayar fa?"

"Ita in murya ta shiga, ba ta fita."

"To, ita za ka saya."

Dariya kawai ya yi. Har yau bai gaya min wadda ya ɗauka ba.

Iyaye mata, ashe yanzu har abin kashe faɗanmu ake sayarwa. Ku naku 'ya'yan sun samu, ko Yauri aka fara kawowa?